Ƙwaryar Gwaggo da Ƙafata ta Hagu

Tun ranar da likita ya ɗaga hotunan ƙashina ya haska su a fitila, autata ta ɗaura ɗamarar shayar da ni nono. Malamar makaranta ce a nan Birnin Kebbi, kuma tana da halin malamai na faɗin abu sau uku ko da ka ji tun na farko. Kullum da safe, kafin ta fita ta tare keke mai ƙafa uku, sai ta dire mini kofi a gefen tabarma, wata rana kindirmon roba, wata rana madarar gari da ta dama da ruwan ɗumi. Ni kuma sai in kau da kai in ce na ci kifi. Takan yi dariya, don ita ce mai cefane, ta san kifi bai shigo gidan ba, ta kuma san ni da bakina na koya musu, ita da yayyenta, tun suna yara cewa haɗa kifi da nono ba ya kawo komai. Likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce ƙasusuwana sun yi sakayau, kuma faɗuwa ɗaya a bakin banɗaki tana iya kwantar da ni kwanciyar da ba tashi. Ya yi mini bayani da haƙuri cewa ƙashi kamar rumbu yake, ana cika shi da ƙuruciya a riƙa ɗiba da tsufa, kuma nono yana cikin abubuwan da suka fi zuba masa abin da yake buƙata. Na gyaɗa kai kamar ban taɓa ji ba, alhali na yi shekaru ina faɗa wa mutane irin wannan magana. Sannan ya ɗora bironsa a kan wani ƙulli a ƙaurin ƙafata ta hagu, ya ce nan an taɓa karaya, kuma wanda ya yi ɗorin ya san aikinsa. Gaskiyar magana, ba ƙin nono nake yi ba, kunyarsa nake ji, kuma 'ya'yana ba su san dalili ba.

Gidanmu na Argungu yana gangaren gulbi, gidan masunta ne kaka da kakanni. Ba zakara ke tashinmu ba, ƙarar gora ce tana bugun gora lokacin da Baba da ƙannensa ke sauko da su daga rataya, sai tarin matan gida da suka fara hura wutar banda. Kafin rana ta ɗaga hayaƙin ya shiga tufafinmu da gashinmu da allunanmu, har malaminmu na allo yakan ce yana sanin isowar 'yan gidanmu tun kafin mu yi sallama. Aikinmu mu yara shi ne kwashe ruwa daga cikin jirgi da fasasshiyar ƙwarya, tsince ciyawa daga taru, da korar shirwa daga kifin shanya. Kifi da safe, kifi da rana, kifi a miya, kifi a aljihu. Yanzu jikokina sai sun ga kifi a cikin ƙanƙara sannan su yarda kifi ne, kuma ba su taɓa jin yadda tarwaɗa ke gurnani a cikin jirgi ba. A gida irin wannan nono baƙo ne, don kakarmu tana da doka wadda ko Baba ba ya tsallakewa: kifi da nono ba sa haɗuwa a ciki ɗaya, wanda ya haɗa su kuturta ce ke jiransa. Ludayin nono ma ratayarsa daban, can nesa da tukwanen miya. Mai son nono sai ya haƙura da kifi tun wayewar gari, ya kuma wanke baki da toka kafin ya kurɓa. Mu dai mun ga wahalar ta yi yawa, muka bar wa Inna kayanta.

Inna, wato mahaifiyata, ba 'yar masunta ba ce. 'Yar manoman shinkafa ce daga wajen Zauro, ta tashi da fura da nono, aure ya kawo ta cikin hayaƙin banda. Duk ranar kasuwa ba ta taɓa kifi tun da ta farka, saboda ranar ce ƙawarta ke zuwa. Ƙawar tata Bafillatana ce mai tallan nono, muna kiranta Gwaggo, kuma har yau ban san sunanta na yanka ba. Doguwa ce, siririya, tana tafe da ƙore uku a jere a kanta ba ta riƙe ba, zobban tagulla na kaɗawa a kunnenta. Da ta sa ƙafa a zaure sai ta toshe hanci ta ce wannan gida ƙarni zai kashe ta wata rana, Inna kuma ta ce ai gara ƙarnin kifi da ƙaurin man shanun da ya riga ta shigowa. Daga nan sai a baje tabarma a gindin darbejiya. Cikin ƙoren nan uku akwai 'yar ƙarama ta can sama wadda ba ta sayarwa, kindirmo ne da ba a cire masa mai ba, ba a ƙara masa ruwa ba, na Inna ne. Inna kuma takan tara mata dussa da ɗan hatsi da albasa. Ban taɓa ganin an auna ba, ban taɓa jin an yi godiya mai tsawo ba. Sukan yi sallar azahar a kan tabarma ɗaya, su yi gulmar mazajensu ƙasa-ƙasa, sannan Gwaggo ta naɗe gammonta ta kama hanya.

Ina cikin famfara, bakina duk giɓi, na karye. Damina ce, gulbi ya cika ya batse. Na ɗora ƙafa ɗaya a wani jirgi ɗaya a wani, ina nuna wa abokaina jarumta, igiyar ruwa ta turo su suka haɗe da ƙaurina a tsakani. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Aka ɗauko maɗori, wani tsoho mai ƙaramar murya da manyan hannaye, ya sa ƙannen Baba biyu suka danne ni, ya ja, ya murza, ya jera karan ɗori ya ɗaure. Da ya gama wanke hannu sai ya ce a riƙa ba ni nono safe da yamma har kwana arba'in, a kuma riƙa shafa man shanu a gefen ɗaurin, don ƙashin yaro da nono yake kamawa. Nono kwana arba'in a gidan masunta, ma'anarsa kwana arba'in ba kifi. Kakarmu ta ce to sai a saya mini sabuwar tukunya, kada ko ƙamshin kifi ya taɓa abincina. Amma babbar matsalar ba tukunya ba ce. Da damina Fulani kan kwashe shanunsu daga fadama su hau tudu, nesa da ruwa da gonakin mutane, nono kan yi wuya a gari in ba ranar kasuwa ba. Inna ta aika wa Gwaggo saƙo ta bakin wani mai jaki, ba roƙo ba, labari kawai, cewa yaron nan ya karye.

Washegari da hantsi ta shigo, zanenta jiƙe har ƙugu, laka har gwiwa, 'yar ƙwaryar tana bisa kanta ko ɗigo bai zuba ba. Ranar ba ta toshe hanci ba. Ta durƙusa ta tallafo kaina ta kafa mini ƙwaryar a baki, ta ce in sha, ai daga yau na zama maraƙinta. Haka ta yi ta zuwa kullum. Akwai wani mashigi da ruwa ke kai mata ƙirji, sai ta jira mai jirgi, in babu ta ɗaga ƙwaryar sama ta ratsa. Wata rana ta zo da matsattsaku manne a ƙafa, Inna ta cire mata da gishiri suna dariya. Ni kuwa butulcina tun lokacin ya fara leƙowa, don kukan kifi nake yi. Nakan roƙi ƙanwata ta ci banda ta zo ta hura mini iskar bakinta. Gwaggo ta kama mu sau ɗaya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce maraƙin nan ruhinsa na kada ne. Ranar da aka kwance ɗori ita ce ta riƙe hannuna na dama, Inna na hagu, na taka ƙasa. Da na yi taku uku sai ta sake ni, ta ce wa Inna ƙafar nan rabinta nata ne, duk inda za ta je a riƙa sanar da ita.

Ƙafar kuwa ta yi tafiya. Ta kai ni makarantar boko, ta kai ni horon aikin tsafta, ta dawo da ni garinmu a matsayin duba-gari. Yaran yanzu ba su san abin da ake nufi da duba-gari ba. A lokacinmu in aka hango kakinmu daga bakin lungu, mata kan bar daka su ruga su rufe randa, su share bakin kwata, su ɓoye tsumma. Muna da dogon ludayi na leƙa tulu mu ga ko akwai 'ya'yan sauro, muna da ikon kifar da abincin da muka samu a buɗe. Aikin yana da amfani, ba zan yi masa ƙarya ba, ya raba unguwanni da cututtuka da yawa. Amma ni abin da ya fi shiga kaina shi ne kakin, da doguwar safa, da yadda dattawan da suka san ni ina tsirara a bakin gulbi suke ce mini malam. Na daina zama kusa da wutar banda don kada kayana su ɗauki ƙarni. Na fara gyara wa kakarmu magana a kan kifi da nono, ina ce mata camfi ne. Ranar kasuwa nakan fita da wuri, don kada in haɗu da Gwaggo a zaure ta kira ni da sunan da ta sa mini. Inna duk ta lura.

Ranar da abin ya faru, mu huɗu ne muka shiga kasuwa zagaye: ni, da abokan aikina biyu, da babbanmu, wani mutumin kudu da ya daɗe a ƙasarmu, Hausarsa ta fi ta wasunmu, mutum mai tsanani amma mai adalci. Zafi ake yi sosai. Muka bi layin mahauta, muka bi na masu albasa, muka ɓullo inuwar da matan Fulani ke jera ƙorensu. Na hango ta tun daga nesa, na sunkuyar da kai ina duba littafina kamar an rubuta wani abu a ciki. Ita kuwa ta riga ta gan ni. Ba ta taɓa ganina cikin kaki a bakin aiki ba sai ranar. Ta miƙe tana tafa hannu, ta ce wa matan da ke gefenta su zo su ga maraƙinta ya zama bajimi. Ta kai hannu ta shafa ƙaurina na hagu ta saman safa, wai tana duba rabonta. Abokan aikina suka tuntsire da dariya, ɗaya ya fara kukan maraƙi ƙasa-ƙasa. Sai ta yaye faifan babbar ƙwaryarta, ta ajiye shi gefe, ta shiga neman ludayi mai kyau don ta ɗebo mini in jiƙa maƙoshi. Cikin wannan ɗan lokacin ƙudaje suka sauka, ɗaya ya faɗa ciki. Babbanmu ya dube ni ya tambaye ni ko na san ta.

Na ce, “Ban san ta ba, ranka shi daɗe.”

Ya ce to in gaya mata ta riƙa rufe kayanta, mu wuce. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau, don ba wanda ya sa ni. Ni ne na nuna ƙudan da bakin ludayina, na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na karanto doka a kan abinci a buɗe. Sannan na sa ƙafa na ture ƙwaryar. Da ƙafar hagu na ture ta. Ban zaɓa ba, ita ce ta fi kusa. Nonon ya kwarara fari tas a kan jar ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin takalmina ya nufi kwata, 'yan curin man shanu suna birgima a ciki. Wani kare ya taso. Matan da ke wurin suka ɗauke numfashi, masu dariya suka daina. Gwaggo tana tsaye da ludayin a hannu. Ba ta dubi nonon ba, ba ta dubi fuskata ba, ƙafar ta duba.

Ta ce, “Ashe ta ɗoru da kyau. Alhamdu lillahi.”

Ta durƙusa ta ɗauki ƙwaryar, ta kakkaɓe ƙasar da gefen zanenta, ta kife faifan a kan ƙwaryar da ba komai a ciki. Muka wuce. Har muka gama zagayen, babbanmu bai sake yi mini magana ba, kuma daga ranar bai sake fita zagaye da ni ba.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Inna a gindin darbejiya, tabarma a baje, dussa da albasa a ɗaure a gefe, ba wanda ya zo ɗauka. Tun safe ba ta ci kifi ba tana jira. Na fara kawo mata bayanin ƙuda da cuta da doka, ta bar ni na kai aya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta miƙa hannu cikin kwandon banda da ke kusa, ta ɓalli kifi ta sa a baki, a ranar kasuwa, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Ta ce, “Ruga ba ta da nisa ga mai ƙahwa biyu. Ka tahi ka ba ta haƙuri. In ta yahe maka, ka dawo min da ƙwaryata.”

Na ce gobe. Goben ta zo na ce aiki ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ban san da wace fuska zan shiga rugar ba, kuma ban san ko da kaki zan je ko ba kaki ba. Na yi ta tsara kalmomin a raina ina rushewa. Ranar kasuwa ta zagayo na ce zan same ta a inuwarsu, na je na laɓe a rumfar mai gishiri ina leƙe, wurin zamanta ba kowa. Kasuwa ta biyu ma haka. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Sai da Inna ta daina tambayata, shirun nata ya fi ƙarfina, sannan na ari keke na tafi. Na sami inda rugar take, ba rugar. Toka a murhu, turakun maruƙa a kafe, kashin shanu ya bushe, ciyawa ta fara tsiro a inda aka kwana. Wani manomi da ke sassabe ya ce sun tashi da jimawa, wasu sun ce arewa suka yi, wasu sun ce yamma. Na ce ai da kaka za su dawo kamar kullum. Kaka ta yi ba su dawo ba. Wasu Fulanin sun zo, na tambaye su, amma mutumin da bai san sunan mace ba, bai san sunan mijinta ba, da me zai yi cigiya? Daga baya fadamar ma ta zama shinkafa daga wannan gaɓa zuwa waccan, rani da damina, injinan ban ruwa na ƙugi a inda shanu ke kwana, burtalin da take bi ya shige gonaki.

Daga nan Inna ba ta ƙara shan nono ba. Da farko ban gane ba. Nakan sayo kindirmo mai kyau daga wata mai talla in kawo mata, sai ta ce, “Na ci kihi.” In kawo da sassafe, ta ci kifi. Bayan an mayar da ni aiki Birnin Kebbi kuma Baba ya rasu, na ɗauko ta ta dawo wurina. Haƙoranta suka zube, tuwo ya fara yi mata wuya, fura ce abincinta, kuma da ruwa zalla take dama ta. Na sayo madarar gwangwani, na sayo ta gari, na kawo wata ma'aikaciyar jinya ta yi mata bayani a kan ƙashin tsofaffin mata, yadda yake zubewa in ba a ciyar da shi ba. Ta saurara da ladabi, ta sa wa yarinyar albarka, ta ce sai dai kash, ta ci kifi. Uwar 'ya'yana, Allah ya ji ƙanta, ita ce ta gano mini sirrin. Ta ce a bakin zanen Inna akwai ɗan ƙulli na busasshen kifi, da ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofa sai ta kwance ta ɗora ɗan ɓalli a harshe. Ba ta iya taunawa, tsotsa kawai take yi. Ba ta son yi mini ƙarya, ba ta kuma son karɓar nono daga hannuna.

Ina kallo ta riƙa gajarta. Matar da ke ɗaukar dami daga fadama ta koma tana kallon ƙasa in tana tafiya. Wata safiya ta ɗaga ƙafa za ta tsallake dokin ƙofar ɗakinta, wanda ko kaza ba ta jinsa, ta zame ta zauna, ƙugu ya tafi. Aka kira maɗori, aka kai asibiti, duka suka ce ƙashin ba shi da abin kamawa. Ba zan ce rashin nono kaɗai ya karya ta ba, akwai tsufa, akwai haihuwa takwas, akwai ƙaddara. Amma na san abin da na karanta, na kuma san shekarun da ta yi tana dama fura da ruwa saboda ni. Ta yi watanni a kwance. Wata rana da la'asar ina gyara mata matashi na tattara duk ƙarfin halina na ce ta yafe mini.

Ta ce, “Nawa na yahe tun tuni, ɗana. Nata kau ba ni da ikon yahewa. Ita ta ratso ruwa, ba ni ba.”

Ba ta ƙara mako biyu ba. Da aka zo yi mata wanka aka sami ƙullin kifin nan a bakin zanenta.

Yau na tsufa fiye da yadda Inna ta tsufa. In na zauna a ƙofar gida nakan ga nono yana wucewa a cikin robobi masu murfi, a bayan babur, a cikin akwatin sanyi, ba ƙuda, ba ƙura, daidai yadda muka yi ta wa'azi a kai. Ya kamata in ji daɗi, mu ne muka yi nasara. Amma ba wanda ke toshe hanci a zauren wani ya yi masa tsiya, ba 'yar ƙwarya ta can sama wadda ba ta sayarwa. 'Yan matan Fulani suna nan suna talla a bakin tasha da bokitan roba, nakan tsaya in dube su ɗaya bayan ɗaya ina neman doguwar wuya da irin dariyar nan, har sai sun tsargu sun tambaye ni ko zan saya. Wani lokaci nakan ce a raina wataƙila jikarta ce wannan, in buɗe baki in rasa ta inda zan fara. Kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne, duk jikina yana ciwo in hadari ya haɗu, gwiwa da baya da kafaɗa, ban da ƙaurin nan na hagu. Shi kaɗai ne bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Shekaranjiya Asabar ce, autata ba ta da makaranta. Ta je kasuwa da kanta ta samo kindirmo na ƙwarya, wai ko na roba ne ba na so. Ta zuba a kwano ta kawo, na ce na ci kifi. Ta mayar cikin firji. Jiya ta sake kawowa, na sake cewa haka. Yau da safe ta fito da shi, ba dariya a fuskarta, ta tsaya a kaina da kwanon a hannu.

Ta ce, “Baba, wanga nono kwana nai ukku, an ɗauke wuta tun jiya, ya kusa lalacewa. In ba ka sha, ni zubar da shi za ni yi.”

Ta juya ta nufi bakin kwata. Na ga ta karkata kwanon, na ga farin ya taho bakin kwanon. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da ba na tashi sai da sanda, kuma da ƙafar hagu na fara takawa. Na ce mata kada ta zubar, ta kawo. Ta dube ni da mamaki ta miƙo mini. Ya yi tsami ƙwarai, wani ya zubo mini a gemu. Na shanye shi tas a tsaye, na kife kwanon a tafin hannuna, sannan na ce mata ta ɗauko tabarma ta zauna, akwai wata gwaggonta da ban taɓa ba ta labarinta ba.